Ranar da Aka Kira Babana Mushe

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, ko wurin niƙa na je sai wata ta matso ta ce, "Malama Rakiya, wai da gaske maganin mantuwa kika je sayowa wurin Faransawa?" Wasu son labari ne ya kawo su, wasu kuma so suke su ji na ce na yi nadama. To, ga labarin nan sau ɗaya, tun daga ƙofar gidanmu ta Sandamu har komawata cikinta. Wadda ta zo neman nadama ta yi haƙuri, ban taho da ita ba ko a tsaraba.

Babana hedimastan firamare ne mai ritaya. Rabin masu sa hannu a takarda a garinmu shi ya koya musu riƙe fensir. Shekara uku ke nan da ya fara mantuwa. Da farko hularsa ce da tabarau. Daga nan sai salla, ya idar da azahar ya tashi ya sake alwala ya ce bai yi ba. Daga baya mantuwar ta kai kan mutane. Ni 'yar fari ce, dama bai taɓa kiran sunana ba saboda kunya, "ke" yake ce mini, ko "yarinyar nan". Shi ya sa na daɗe ban gane ya manta ni ba, sai ranar da na durƙusa gaishe shi ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Mun kai shi babban asibiti, likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce mu yi haƙuri. Bai yi mana wani bayani ba, layi na jiransa a waje.

Baffa Haruna, ƙanen Baba, shi ne babba a gidan tun da abin ya faru. Shi a wurinsa wannan ba ciwon asibiti ba ne, ko sammu ko iska. Rannan Baba ya fice da safe ba takalmi, aka tsinto shi a hanyar Daura yana cewa zai je karɓo takardun jarrabawa. A ranar Baffa ya yanke hukunci: za a kai shi gidan wani mai magani a daji, can bayan Zango, inda ake sa wa marasa lafiya mari a ƙafa don kada su gudu. Da kunnena na ji shi a zaure yana faɗa wa maƙwabta, "Allah ya gafarta mini, amma Yaya ai ya riga ya tafi. Mushe ne mai numfashi." Innarmu ba ta iya ja da ƙanen miji. Ƙannena maza biyu kuwa da an ce Baffa ya ce, sai su duƙar da kai kamar an kama su da satar gyaɗa.

Ni ilmin halittu nake koyarwa a sakandaren 'yan mata. Tun kafin wannan rigima an ɗauke ni wani taron horo na kwana biyar a wata jami'a a Yamai, kan yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da mutum ya koya. Na je na durƙusa gaban Baffa na ce ya ba ni kwana goma, in je in ji daga bakin masana, kafin a taɓa Baba.

"Mace ba ta tafiya ba muharrami," in ji shi.

Tun da shari'a ta dawo jiharmu kowane mai gemu a layinmu ya zama alƙali, sai dai fatawar ba ta tashi sai in mace ce za ta fita. Ban yi jayayya da hukuncin ba, ni ma na yi Islamiyya. Maigidana ya riga ya ba ni izni, girbin gero ne ya hana shi bina. Na hau mota na je Zango na ɗauko Kawu Ila, yayan Innarmu, dillalin shanu da ya san kasuwannin Nijar kamar tafin hannunsa. Da Baffa ya gan shi da jakarsa da butarsa sai ya ce, "Kwana goma. Litinin ta sama da hantsi mota za ta zo, ko kin dawo ko ba ki dawo ba."

Ran Asabar muka tashi. Ni na so mu bi ta Katsina mu ɓulla Maraɗi, ta fi kusa. Kawu ya ce shi ba ya shiga Nijar ta ƙofar da ba a san shi ba, dole sai Kongolam, mu kwana Damagaram, mu kama babbar mota daga tushenta. A tashar Daura aka cusa mu mu huɗu a kujerar mutum uku, da buhun barkono a ƙafafuna. Na yi atishawa tun daga Daura har iyaka, Kawu na ta "yarhamukillahu" har ya gaji ya ce sauran na ci bashin lada. A ɓangarenmu ba a tsai da mu ba, kowa "Alhaji Ila, ina shanu?"

A ɓangaren Nijar ne abin ya faru. Wani jandarma, wato ɗan sandan hanya irin nasu, yana zaune a rumfa da babban littafi. Ya karɓi katin shaidata da na rigakafi, ya duba takardar gayyata, ya ce da Hausarsu mai ja, "Taron ƙwaƙwalwa? Wa ke ciwo?" Na ce mahaifina. Ya ce me yake yi? Na ce koyarwa ya yi a firamare har ya yi ritaya.

Ya ɗaga kai yana murmushi ya ce, "A'a, ashe mushe ne!"

Wallahi ban san lokacin da na buga teburin ba. Biro ya yi tsalle, littafi ya rufe kansa. "Wa kake kira mushe? Uban wa? Mutumin da ke da rai yana salla? Ko kai ma an aiko maka da saƙo ne daga Sandamu?" Masu canji suka matso, direbanmu ya kama kai. Jandarman ya miƙe, hannunsa a kan bel. Na ce a raina, to shi ke nan, yau a ɗaure zan kwana, Baba kuma a tafi da shi Litinin ta sama.

Sai na ji dariya a bayana. Kawu Ila ne, ya riƙe ciki har hularsa ta faɗi ƙasa. Da ƙyar ya samu numfashin cewa, "Rakiya, Rakiya, a nan malamin boko shi ake ce wa mushe! Girmamawa ce!" Ashe kalmar daga Faransanci ta zo, haka yaransu ke kiran malami a aji, bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta har ta yi kama da tamu ta dabbar da ta mutu ba yanka. Da Kawu ya gaya wa jandarman abin da take nufi a gida, sai ya buɗe baki ya ce, "Subhanallahi! Ai ni ma ubana mushe ne a Magarya, shekara da shekaru." Ya buga mini hatimi, ya haɗa ƙafa ya sara mini, ya ce, "In kin koma ki gai da Mushe." Na ji kunya, amma ban ba da haƙuri ba, don bugun teburin ba nasa ba ne, tun daga gida na taho da shi. Da muka koma mota na ja mayafi na yi kukana, na ce barkono ne.

A Damagaram gidan mai masaukin Kawu muka sauka. Matar gidan, Hajiya Mariyama, ta kawo mana tuwon gero da miyar kuka, sak irin namu, sai dai ta ɗora mana wani dogon burodi mai tauri kamar sandar makiyayi. Kawu ya ce wannan in kura ta tare ka da shi za ka kare kanka. Da ta ji labarin Baba ta ce, "Kun kai shi likita? Tamu likitar babba ce, hawa biyu gare ta." Na fara tunanin wace irin mata ce wannan mai hawa biyu, sai Kawu ya taka mini ƙafa. A can asibitin ne likita, shi mai duba ka lokotoro ne. Na ce to, na daina fassara komai da kaina har mu koma gida. Aka yi shayi zagaye uku a ɗan ƙaramin kofi, wai in ka sha biyu ka tashi ka yi rashin ladabi. A gida da tuni an cika maka kofin silba da madara an sallame ka.

Da asuba muka kama babbar mota. Abin da ya burge ni, kowa da lambar kujerarsa, ba cusa. Abin da ya ishe ni kuma, kusan kowane gari sai an sauko da mu an karɓe katuna an yi ta kiran suna ɗaya ɗaya kamar ana kiran rajista a aji. Muka wuce Tasawa, muka wuce Maraɗi. A Ƙonni aka tsaya salla da cin abinci. Kowa ya dawo, direba ya tayar da mota, kujerar Kawu ba kowa. Na leƙa na hango shi can nesa yana zagaya wani bajimi, yana buɗe masa baki yana duba haƙora, mutumin da ko igiya bai taho da ita ba. Direba ya ce shi ba ya jiran kowa, doka ce. Na je na tsaya a matakalar ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, na ce, "Muharramina ne. In za ka tafi sai dai ka ja ni a ƙasa." Fasinjoji suka rabu biyu, masu zagina da masu dariya. Kawu ya iso yana haki ya ce mini, "Wallahi an yi wa san nan ƙarya a shekaru." Ban kula shi ba har Dogon Dutsi, inda ya sayi kilishi ya nemi sulhu.

Yamai gari ne na kogi da zafi. Hausa na ci, amma Zabarmanci ne a gaba, sai Faransanci. Na ga mata da hijabi har ƙasa suna tuƙa babur ɗinsu, wata ma da goyo, ba wanda ya juya ya kalle su. Na ce oh, da a layinmu ne da tuni an kira taro. An sauke ni a ɗakin ɗalibai tare da wata mai karatun likita, Zalika, 'yar Maraɗi. Da ta ji daga ƙasar Daura nake ta ce, "Kin sha ruwan Kusugu?" Na ce ke, mu da ke kusa ba mu da lokaci, baƙi ke sha. Kawu ya sauka wurin abokansa a kasuwar dabbobi, amma kullum da safe sai ga shi a ƙarƙashin bishiyar ƙofar zauren taro, wai amana aka ba shi.

Mai koyar da mu Farfesa Aminata ce, 'yar Senegal, gajeruwa mai ɗaurin ɗankwali kamar za ta biki. Da Faransanci take yi, wani ya juya da Turanci, inda ya kakare Zalika ta raɗa mini da Hausa. Abin da na daɗe ina koya wa ɗalibaina shi ta fara da shi: a tsakiyar kowace ƙwayar halitta akwai DNA, inda aka rubuta yadda ake ƙera kowane furotin na jiki. Ba a fita da wannan rubutu. Sai dai a kwafi wurin da ake buƙata a wani ɗan zare mai suna RNA, shi ne ɗan saƙo, ya kai inda za a karanta shi a ƙera furotin. Har nan ina gyaɗa kai kamar ni na rubuta littafin.

Sai ta zana ƙwayar jijiya ta ƙwaƙwalwa, da rassanta dogaye, kowane reshe na taɓa na wata ƙwayar a mahaɗa dubbai. Ta ce in mutum ya koyi abu, wasu daga cikin mahaɗun nan ne ke ƙara ƙarfi, kuma ba sa ƙarfin da zai ɗore sai an ƙera sabon furotin. To amma mahaɗar na nesa da tsakiya. Shi ya sa ƙwayar ke tura 'yan saƙo tun da wuri su je bakin reshe su jira. Tambayar ita ce, me ke hana a karanta su tun lokaci bai yi ba? Ta ce akwai wasu RNA da ba sa ɗauke da saƙon ƙera komai. Wasu gajeru ne ƙwarai, wasu dogaye. Gajerun sukan manne wa ɗan saƙo su hana a karanta shi, ko su sa a wargaza shi. In sigina ta zo wa wannan mahaɗa, sai a sassauta riƙon a nan kaɗai, a ƙera furotin, mahaɗar ta yi ƙarfi. Ta ce shekaru da yawa ana ɗaukar yawancin wuraren da ba sa ba da furotin a matsayin shara, don an duba ba a ga abin da suke ƙerawa ba. Na tuna ni kaina na taɓa rubuta wa 'yan aji shida kalmar nan "shara" a allo, har na ja mata layi.

Rana ta biyu aka shiga da mu ɗakin gwaji. Aka nuna mana ƙwayar jijiyar ɓera a madubin ƙara girma, da wasu ɗigo-ɗigo kore suna tafiya a cikin reshe, su tsaya, su ci gaba. 'Yan saƙon ke nan a hanya. Na tsaya ina kallo har na bayana suka fara tsaki. A nan kuma na yi ɓarna. Zafi ya dame ni na cire safar hannu, na ɗauki 'yar kwalbar samfur da yatsuna masu lalle. Farfesa ta yi ƙara kamar na taɓa wuta. Ashe a fatar mutum akwai sinadarin da ke cinye RNA nan take, aikin safiyar rukuninmu duk ya tafi. Wani ɗan Kwatano ya yi ta hararata har la'asar. Na ce ya yi haƙuri, a makarantarmu madubi ɗaya gare mu, shi ma a ofishin shugaba yake kwana.

Da rana na fito na sami Kawu na cin dambun zogale a ƙarƙashin bishiyarsa. Ya ce, "To me aka ce yau?" Na yi masa bayani iya yina. Ya tauna, ya tauna, ya ce, "Wannan ai ɗaurin maraƙi ne. Ga nono a jikin uwa, ga maraƙi a kusa, amma sai ka ɗaure shi. In ka bar shi ya tsotse tun da dare, da safe ba abin tatsa. In kuma ka manta ba ka kwance shi ba, nono ba zai sauko ba. Igiyar ba ta ba da nono, amma jeka ka yi kiwo ba ita ka gani." Na rubuta maganar a littafina. Da na gaya wa Farfesa ta bakin Zalika, ta fito da kanta ta gaishe shi, shi kuwa ya tambaye ta ko a Senegal shanu na da tsada.

Ran Alhamis na tare ta bayan darasi, Zalika na tsakaninmu. Na ba ta labarin Baba duka, har da mari. Na ce, "Waɗannan ƙananan RNA su ne suka lalace masa?"

Ta ce ba za ta iya cewa komai kan mutumin da ba ta gani ba. A irin wannan ciwo, in ji ta, mahaɗun ne ke fara raunana, wasu furotin su dunƙule inda bai kamata ba, daga baya ƙwayoyin su mutu. An ga wasu daga cikin ƙananan RNA ɗin sun ƙaru wasu sun ragu a ƙwaƙwalwar masu ciwon, amma har yanzu ana bincike ko su ne sanadi ko kuwa ciwon ne ya taɓa su.

"Akwai magani?"

"Wanda zai dawo miki da shi, babu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata na bar aji, na bar 'ya'ya, na sha barkono, na kusa kwana a hannun jandarma, don in zo a ce mini babu? Zalika ta ji nauyin fassarawa, na ce ta faɗa yadda na faɗa. Farfesa ba ta yi fushi ba. Ta ce mahaifiyarta da wannan ciwo ta rasu, ita da ke wannan bincike tana kallo. Sannan ta ce, "Amma ciwon jiki ne, kamar na ƙoda ko na ido. Tsoro da baƙon wuri suna ƙara rikita mai shi. In aka ɗaure shi a inda bai san kowa ba, abin da ya rage masa zai fi saurin tafiya. Sabon abu ne ke wuyar kamawa. Abin da ya yi shekara da shekaru yana yi shi ke daɗewa. Mene ne aikinsa?"

Na ji bakina ya ce, "Mushe ne."

Ta je gaban allo ta ɗebo alli guda uku ta sa mini a hannu. Abin da na samo a Yamai ke nan, sai takardar shaida da na bari a jaka har yau.

Dawowa ta Maraɗi muka biyo, wannan karon ni na zaɓi hanya. Mota ta lalace mana kafin Jibiya, muka kwana Katsina dole. Ran Litinin da hantsi muka sauka Sandamu. Tun daga bakin layi na hango motar a ƙofar gida, direba na goge gilashi. A tsakar gida Inna na zaune da ƙullin kayan Baba a cinyarta, idonta ya kumbura. Baba na kan tabarma an sa masa babbar riga, yana ta juya hularsa a hannu. Baffa da ƙannena da maƙwabta biyu suna tsaye.

Baffa ya ce, "Sannu da hanya. Ina maganin?"

Na ce, "Babu magani, Baffa."

"To, alhamdu lillahi, kin ji da kunnenki. Ku kama shi mu tafi."

Na ce, "Ba inda za shi." Ban taɓa yi wa Baffa magana a tsaye ba sai ran nan, kuma ban durƙusa ba. "Kwana goma ka ba ni, hantsi bai gama ba. Ku zauna ku ji abin da na jiyo, in na gama mai ƙarfin hali ya zo ya ɗaga shi ta kaina." Kawu Ila ya shimfiɗa buzunsa daidai bakin ƙofa ya zauna, ya ce shi gajiya ce ta kama shi.

Tsohon allon Baba na jingine bayan rumbu, kaji sun ɓata shi. Na jawo shi na goge da gefen mayafina, na ciro allin Farfesa. Na zana ƙwayar jijiya da rassanta. Na nuna musu 'yan saƙo a bakin reshe, na nuna ƙananan da ke riƙe su, na kawo maganar maraƙin Kawu, maƙwabcinmu mai shanu ya ce, "Ƙwarai kuwa." Na ce tunawa aiki ne da naman ƙwaƙwalwa ke yi kullum, kuma nama na ciwo. Na ce ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi, amma a yi masa ita a ɗakinsa, ƙafarsa a sake.

Baffa ya katse ni da tsawa. "Ke, isa haka! Zanen ɓera za ki kawo mana? Yarinyar da aka haifa a gabana za ta..."

"Haruna!"

Duk muka juya. Baba ne. Ya miƙe tsaye, hular na kansa daidai, hannu ɗaya a baya, yadda duk wanda ya yi firamare a garin nan ya san shi. Wata takwas rabon da ya kira sunan wani a gidan.

"Haruna, zauna. Ba a magana malama na koyarwa."

Baffa, dattijo mai furfura, mai jikoki, ya nemi gefen turmi ya zauna. Shi ma ɗalibin Baba ne a da, a aji uku. Baba ya tako a hankali har gaban allo, ya karɓi allin daga hannuna, ya gyara mini wata ƙ da na rubuta ba lanƙwasa, ya ja layi a ƙarƙashin kan darasi da hannun da ko rawa bai yi ba. Ya mayar mini ya ce, "Ci gaba. Ki ɗaga murya, na baya ba sa ji."

Na ci gaba, ban san me na faɗa ba, hawaye na shiga mini baki. Ina cikin yi Baffa ya tashi ya fita zaure. Muka ji yana magana da direba ƙasa ƙasa, sannan muka ji motar ta tashi. Bai dawo ciki ba ran nan. Inna ta kwance ƙullin kayan ta mayar ɗaki.

Kada wata ta je ta ce na ce Baba ya warke. Bai warke ba, kuma na san gaba ta fi yanzu wuya. Mun sa ƙararrawa a ƙofar zaure, mun raba kwanakin zama da shi, har Baffa ya karɓi Laraba ba tare da ya dube ni ba. Allon yana rataye a inuwa yanzu, Baba na cika shi da lissafi kullum da safe, ya goge, ya sake. Wanda ya ce na yi wa ƙanen ubana rashin kunya, na ji, na kuma je na gaishe shi har ƙasa, amma maganata ban janye ba.

Ran nan da aka watse, ina tattara guntayen alli, Baba ya kira ni da hannu. Ya ce, "Malama, daga wace makaranta aka turo ki?"

Na ce, "Daga nan Sandamu."

"Wa ya koyar da ke?"

Na ce, "Kai ne, Baba."

Ya dube ni da kyau, ya daɗe, sannan ya girgiza kai. "A'a, da na tuna ki," in ji shi. "Amma ko wane ne, ki gaya masa ya iya aikinsa."